Jiragen Ko-ta-kwana na Makurɗi: Daga MiG Zuwa JF-17

Duk wanda ya yi 'yan shekaru a nan Karshi ya san yadda ƙarshen watan Satumba yake. Kana zaune a teburin mai shayi ko kana kan hanyar gona, sai ka ji wata ƙara ta keta sama kamar an yage sabon yadi, kafin ka ɗaga kai abin ya wuce. Yara su fito da gudu, kaji su watse, tsofaffi su ce Allah ya sa lafiya. Atisayen bikin ranar 'yancin kai ne ake yi a sararin Abuja. Yawancinmu iyakar saninmu da waɗannan jirage ke nan, sai fa labarin da rediyo zai kawo in ɗaya ya faɗi.

To amma jiragen nan suna da gida, kuma gidan bai yi mana nisa ba. Makurɗi ne, a bakin kogin Binuwai. A mota, in ka bi ta Keffi da Akwanga da Lafiya, tafiyar awa huɗu ce ko fiye. A jirgin yaƙi kuwa ko rubu'in awa ba za a yi ba. Can ne mazaunin rundunar da aka ɗora wa tsaron sararin samaniyar Najeriya, wadda aka daɗe ana kira Runduna ta 64, daga baya aka sauya mata lamba ta koma ta 101. Aikinta zaman ko-ta-kwana ne: jirgi a shirye, mai a tanki, matuƙi a kusa, ko da wani baƙon jirgi zai keto iyaka ba da izini ba. Shekara wajen hamsin ke nan ana wannan zama. Ya kamata mu san tarihinta, domin da dukiyar ƙasa aka sayi jiragen, 'ya'yanmu na cikin masu tuƙa su da masu gyara su, kuma a 'yan shekarun nan a kan garuruwan da muka baro sojan sama ke shawagi.

Sai dai labarin daga Kano ya faro. Ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarki Usman, jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a filin sukuwa na Kano. Daga Masar suka taso, wani hafsa mai suna Arthur Coningham ne jagoransu, kuma jiragen irin na da ne, masu fiffike hawa biyu. Bayan shekara goma sha biyar Yaƙin Duniya na Biyu ya mayar da Kano zango. Jamus da Italiya sun tare hanyar Bahar Rum, saboda haka daga Satumba 1940 Ingila ta riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, su tashi zuwa Legas, su kwana Kano, su bi ta Maiduguri da Hartum har Alƙahira. Sama da jirage 5,000 suka bi wannan hanya, wadda in ka duba kusan ita ce hanyar da alhazanmu na da suke bi a ƙasa. A wancan yaƙin ma akwai wata rundunar jiragen Spitfire a Ingila, ta 91, da aka laƙaba wa sunan Najeriya saboda gudummawar kuɗin da aka tara a nan. Kuɗi namu, suna namu, amma jirgi da matuƙi na wasu. Da haka muka fara.

A watan Afrilu 1964 majalisa ta kafa Rundunar Sojan Sama ta Najeriya. Tun kafin nan an tura samari koyon tuƙi: goma zuwa Habasha a 1962, wasu zuwa Kanada da Indiya a 1963. Jamus ta Yamma ce ta ɗauki nauyin raino, shi ya sa shugabannin rundunar biyu na farko, Kanar Gerhard Kahtz da Kanar Wolfgang Thimmig, duk Jamusawa ne. Ɗan ƙasa na farko da ya riƙe ta shi ne Laftanar Kanar George Kurubo, a 1966. A lokacin babu jirgin faɗa ko guda. 'Yan jiragen koyo ne da na ɗaukar saƙo a Kaduna.

A haka Yaƙin Basasa ya same mu a Yulin 1967, wanda dattawa ke kira yaƙin Ojukwu. Abin mamaki, Biyafara ce ta riga gwamnatin tarayya samun jirgin jefa bam: wani tsohon B-26 ragowar Yaƙin Duniya, da wani sojan haya ɗan Folan, Jan Zumbach, yake tuƙawa. Tsohon jirgi ne ƙwarai, amma ya kai hari Makurɗi, ya kai Kano, kuma babu abin tare shi. Gowon ya nemi Ingila da Amurka su sayar masa da jiragen yaƙi, suka noƙe. Sai aka juya gabas. Cif Anthony Enahoro ya je Mosko, aka sa hannu kan wata yarjejeniya da aka ce ta al'adu ce. To ai kuwa an ga al'ada. Cikin watan Agusta manyan jiragen dako na Tarayyar Sobiyet suka fara sauka a filin jirgin Kano da akwatuna, a ciki akwai MiG-17 da MiG-15 na koyarwa. Daga Cekoslobakiya aka samo L-29, daga baya kuma Masar da Aljeriya suka ba da Il-28 masu jefa bam. Kurubo da kansa aka tura jakada Mosko.

Jirgi ya samu, saura mai hawa. Matuƙanmu ba su taɓa zama cikin irin wannan ba, don haka Masarawa ne suka fara tuƙa su, sai sojojin haya Turawa, kafin 'yan ƙasa su karɓa sannu a hankali. Nan akwai abin da bai kamata a ɓoye ba. Baƙon matuƙi da bai san ƙasa ba, yana gudun kilomita ɗaruruwa a awa, ba ya bambance barikin soja da kasuwa. Bama-bamai sun faɗa kan kasuwanni da asibitoci a yankin Biyafara, fararen hula da yawa suka mutu, kuma har gobe 'yan uwanmu Ibo da muke kasuwa tare a Nyanya da Karu suna ba 'ya'yansu wannan labari. Ranar 5 ga Yuni 1969 wani MiG-17 ya harbo jirgin agaji na Red Cross kusa da Eket, duniya ta yi caa a kan Najeriya. Duk da haka MiG ɗin sun kasa rufe filin Uli, wanda titin mota ne kawai aka faɗaɗa, domin da dare jiragen agaji da na makamai suke sauka, su kuwa MiG-17 ɗin da muka samu ba su da idon dare.

Darasi mafi zafi a watan Mayun 1969 ya zo. Wani dattijon Bature ɗan Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya kawo wa Biyafara ƙananan jiragen koyo guda biyar, irin waɗanda mutum biyu kawai suke ɗauka, ya ɗaura musu rokoki. Suka riƙa tashi ƙasa-ƙasa, dab da kan itatuwa, suka auka wa filayen Fatakwal da Benin da Inugu, suka lalata jiragen tarayya masu tsada suna ajiye a ƙasa. Sauro ya kayar da ingarma a turke. A watan Oktoban shekarar nan kuma shugaban rundunar kansa, Kanar Shittu Alao, ya rasu a haɗarin jirgin L-29 da yake tuƙawa.

Yaƙi ya ƙare a Janairun 1970, kuɗin mai ya shigo, sai aka ce ba za a sake yi mana sakiyar da ba ruwa ba. A 1975 aka sayo MiG-21 guda 31 daga Tarayyar Sobiyet, 25 na faɗa, 6 na koyarwa masu kujera biyu. A shekarar ce John Yisa-Doko, Banufe daga garin Doko, ya zama shugaban sojan sama, kuma a zamaninsa aka mayar da Makurɗi hedikwatar jiragen faɗa. Zaɓin wurin da hikima: tsakiyar ƙasa ne, daga nan ko'ina kusa ne, ga kuma sabon babban birni da Murtala ya ayyana a 1976 a maƙwabtaka. A 1984 aka ƙaro wasu MiG-21 sabon samfuri. Akan kuma girke wasu a Kano da Maiduguri saboda iyakar Chadi, inda ake ta rikici a lokacin.

Bari mu ɗan tsaya kan wannan jirgi, don shi ne ƙashin bayan labarin. MiG-21 siriri ne kamar mashi, fiffikensa kamar na tsattsewa, iska ta hanci yake shaƙa. Yana ninka gudun sauti sau biyu, wato sama da kilomita 2,000 a awa. Rashawa sun ƙera shi ne don aiki guda: ya tashi cikin gaggawa, ya hau can ƙololuwa, ya harbo jirgin abokan gaba mai ɗauke da bam, ya dawo. Tankinsa ƙarami ne, da ƙyar yake cika awa guda a sama in yana aiki. Saukarsa ma da gudu ne, kuskure kaɗan sai a ji babu daɗi. Kuma ba shi kaɗai yake aiki ba, sai da na'urar hango jirage a ƙasa da mai yi masa jagora ta rediyo. Dokin sukuwa ne, ba na doguwar tafiya ba. Kowa kuwa a cikinmu da ya tashi kusa da gidan sarauta ya san sayen doki shi ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen dawa da harawa da kanwa, da ɗan barga mai kwana da shi, da mai kilisa kullum don kada ƙafa ta sage. Haka jirgin yaƙi yake. Kowace awa guda da ya yi a sama, makanikai sai sun yi awoyi masu yawa a kansa a ƙasa. Injinsa yana da adadin awoyin da in ya cika dole a sauke shi a kai masana'anta. Robobi da tayoyi da harsashin kujerar da ke cilla matuƙi waje duk suna da wa'adi, ko an tashi ko ba a tashi ba. Shi ma matuƙin, in ya yi watanni bai hau ba, hannunsa ya mutu.

Farkon shekarun 1980 su ne ganiyar Makurɗi. Bayan MiG, a 1984 aka kawo Jaguar guda 18, ƙirar haɗin gwiwar Ingila da Faransa, masu kai hari ƙasa daga nesa. Tun 1981 an fara karɓar Alpha Jet daga Jamus, aka kai su Kainji, har suka kai 24. Makarantar tuƙi ta Kano ta samu L-39. A Afirka ta Yamma kaf babu mai ko rabin wannan. Yaron da ya samu shiga sojan sama a lokacin, unguwa guda ake yi wa barka.

Daga nan abubuwa uku suka haɗu suka karya ta, kuma na farkon ya shafi Abujan nan tamu. A Disambar 1985 gwamnatin Babangida ta ce ta gano shirin juyin mulki, ta kama Ministan Abuja na lokacin, Manjo Janar Mamman Jiya Vatsa, amini kuma abokin karatun Babangida. Cikin waɗanda aka kama akwai hafsoshin sojan sama, har da Ben Ekele, matuƙin MiG kuma babba a Makurɗi, da Adamu Sakaba. An ce a Makurɗi aka yi wasu daga cikin tarurrukan, an kuma ce da jirage za a yi amfani. Ranar 5 ga Maris 1986 aka harbe Vatsa da wasu tara. Ko zargin gaskiya ne ko ƙazafi, har yau ana gardama. Abin da tsofaffin hafsoshi da dama suke faɗa dai shi ne daga ranar masu mulki suka fara yi wa jirgin yaƙi kallon wuƙar da ka iya yanka mai ita. Wanda yake tsoron dokinsa kuwa ba ya ƙosar da shi.

Na biyu talauci ne. Farashin mai ya faɗi, aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, naira ta zube. Kayan gyaran jirgi kuwa da dala ake saye. Na uku, masu ba mu kayan su ma suka watse ko suka juya baya. Tarayyar Sobiyet ta wargaje a ƙarshen 1991. Bayan soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, da rataye Ken Saro-Wiwa a Nuwamba 1995, Turai ta ƙaƙaba mana takunkumin makamai. Jaguar tun wajen 1991 aka ajiye su, ba su cika shekara takwas suna tashi ba. MiG-21 ma cikin farkon shekarun 1990 suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Da fari akan cire kayan wannan a sa wa wancan, kamar yadda makanikan Apo suke yi wa motocin da suka kwanta, har aka wayi gari babu na cirewa. Babu abokin gaba ko ɗaya da ya harbo su. A rumfa suka mutu, ƙarƙashin ƙura da raɓar Binuwai.

Kwatanci a nan yana da ciwo, amma sai an yi. Indiya ta fara tuƙa MiG-21 a 1963, ba ta ajiye shi ba sai 2025, kuma har yanzu tana tashi da Jaguar irin namu. Sirrin ba wani asiri ba ne: tun wajen ciniki ta sa sharaɗin a koya mata ƙera jirgin da kayansa a gida. Pakistan ma ta buɗe wata masana'anta a Kamra cikin shekarun 1970 don kawai ta riƙa yi wa jiragen da ta saya daga Chaina garambawul. Ku riƙe sunan Kamra, za mu sake haɗuwa da shi. Mu ma an ɗan taɓa: an harhaɗa ƙananan jiragen koyo na Air Beetle a Kaduna, daga baya aka fito da jirage marasa matuƙi biyu da aka raɗa wa suna da Hausa, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018. Wanda ya zaɓi sunayen nan dai ya san aikin leƙen asiri. Amma injin jirgin faɗa har yau sai an kai shi waje.

Akwai kuma asarar da ba a cika lissafawa ba, ta mutane. Horar da matuƙin jirgin faɗa guda yana cin shekaru da dukiya mai yawa. Da jirage suka kwanta, wasu matuƙan suka koma aikin ofis, wasu suka ajiye kaki suka tafi kamfanonin jiragen fasinja. A wasu ƙasashe ba a barin irin wannan ilimi ya zube. Ingila tun 1925 ta kafa rundunonin sa-kai na sama, lauya ko ɗan kasuwa yana aikinsa ranakun mako, Asabar da Lahadi ya je ya tuƙa jirgin yaƙi. Da Jamus ta auka mata a 1940, runduna 14 cikin waɗanda suka tare ta irin waɗannan ne. A Amurka har yanzu sai ka ga matuƙin jirgin fasinja yana cikin dakarun ajiya, wata-wata yana zuwa atisaye. Tsari ne da kakanninmu ba za su yi mamakinsa ba, don haka mayaƙan sarakuna suke: manomi ne da damina, in an buga tambari ya ɗaura sirdi. Mu kam wanda ya fita ya fita ke nan.

Cikin wannan shirun na Makurɗi, wanda ya ɗauki kaya shi ne wanda aka raina. Alpha Jet jirgin koyo ne da ake ɗaura wa bindiga da roka, bai kai gudun sauti ba. Shi ne ya je Laberiya tare da dakarun ECOMOG daga 1990, ya je Saliyo lokacin da aka mayar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan mulki a 1998. Shi aka girke a Yamai a 2013 saboda yaƙin Mali, inda ɗaya ya faɗi a Dargol cikin Nijar, matuƙa biyu suka rasu. Shi aka tura Dakar a Janairun 2017 lokacin da Yahya Jammeh ya ƙi sauka. Shi ne kuma ya fi kowa wahala a Borno da Zamfara.

MiG-21 kuwa ga yadda wasunsu suka ƙare. Ranar 2 ga Disamba 2013, da asuba, 'yan Boko Haram suka kutsa sansanin sojan sama na Maiduguri, suka ƙona jirage masu saukar ungulu biyu da wasu tsofaffin jirage uku da aka daɗe da sallama. Ragowar MiG ɗin nan ne da aka girke don tsaron iyakar Chadi. An saye su don su tare maƙiyi a ƙololuwar sama, maƙiyin ya zo musu a ƙasa cikin motocin a-kori-kura.

Kafin nan gwamnatin Obasanjo ta yi yunƙurin tayar da Makurɗi. A 2005 aka ƙulla cinikin F-7 guda 15 da Chaina, 12 na faɗa da 3 na koyarwa, kan dala miliyan 251 har da makamai, suka iso wajen 2010. Mene ne F-7? MiG-21 ne dai da Chaina ta kwaikwaya ta yi wa kwaskwarima. Wato bayan shekara talatin mun koma mun sayo ɗan dokin da ya mutu mana a turke, a daidai lokacin da yaƙin da ke tunkaro mu na masu babura ne a daji. An yi amfani da su a Arewa maso Gabas, kuma matuƙansu sun yi bakin ƙoƙari, amma jirgin da ke wuce ƙauye cikin ƙiftawar ido, mai kuma ƙaramin tanki, ba shi ne na farautar mutum goma a gindin tsamiya ba. Haɗurra kuma suka yi ta cin su. Ɗaya ya faɗi a Kano a Maris 2011, wani kusa da Hong ta jihar Adamawa a Oktoba 2015, wani a Makurɗi a Yulin 2023. Wanda ya fi kusa da mu shi ne na ranar Juma'a 28 ga Satumba 2018, lokacin da biyu suka gogi juna suna atisayen bikin cika shekara 58 da 'yanci, suka faɗo a duwatsun Katampe. Matuƙa uku suka fice da lema, ɗaya daga cikinsu, Bello Mohammed Baba-Ari, bai rayu ba. Allah ya jiƙansa. Mutumin da ya tsira daga fagen fama, sai ga shi ajali ya same shi wajen shirin fareti.

Yanzu sai mu zo kan abin da ya fi taɓa mu, mu da iyayenmu suke Zamfara da Katsina da Sakkwato da Borno. Da farko dai dajin ya daina tsoron jirgi yadda yake yi a da. Ranar 18 ga Yuli 2021 'yan bindiga suka harbo Alpha Jet a tsakanin Zamfara da Kaduna. Matuƙin, Abayomi Dairo, ya fice da lema, ya yi ta ɓuya yana tafiya cikin dare har ya kai hannun sojoji. Sannan matsalar nan ta zamanin Biyafara, ta rashin gane wanda ke ƙasa, ba ta tafi ko'ina ba. Ranar 17 ga Janairu 2017 jirgin sojan sama ya jefa bam kan sansanin 'yan gudun hijira a Rann ta jihar Borno, sama da mutum ɗari suka mutu, har da ma'aikatan agaji. Rundunar ta amsa cewa kuskure ne. Ranar 24 ga Janairu 2023 kuma, a Rukubi cikin ƙaramar hukumar Doma, nan jihar Nasarawa maƙwabciyarmu, hari daga sama ya kashe makiyaya kusan arba'in da suka je karɓo shanunsu da aka kama a Binuwai. Mai neman a turo jirgi garinsu saboda ɓarayin daji yana da gaskiya, wallahi yana da ita, don wanda aka sace wa mata da 'ya'ya ba a ce masa ya yi haƙuri. Amma mai fargabar zuwan jirgin shi ma yana da tasa. Sau da yawa ma mutum ɗaya ne yake ɗauke da duka biyun. A ganinmu kuɗin da ake zubawa wajen gudun jirgi, da rabinsa ya tafi wajen ido da kunne, wato sahihin labari daga mutanen gari da na'urar gani da tantancewa kafin a saki bam, da an rage zaman makoki.

Harin Rann ya sa Amurka ta dakatar da cinikin wasu jirage da Najeriya ta daɗe tana nema, Super Tucano, sai da Trump ya hau aka sake buɗe magana. A 2018 gwamnatin Buhari ta biya dala miliyan 496 na guda 12, har majalisa ta yi ta ƙorafin ba a nemi izininta ba. Shida na farko suka sauka ranar 22 ga Yuli 2021, kuma a ina? A Kano, filin da ya karɓi MiG-17 shekara 54 kafin nan. Jirgi ne mai farfela a hanci, wanda in ka gan shi sai ka ce na zamanin Zumbach ne. Gudunsa bai kai sulusin na MiG-21 ba. Amma yana iya yin awoyi yana kewaya wuri guda, yana gani da dare, kuma cinsa kaɗan ne. Kainji aka kai su. Sai da muka yi shekara hamsin kafin mu yarda da abin da von Rosen ya nuna mana da ƙananan jiragensa biyar.

Ita kuwa rundunar Makurɗi, a watan Mayun 2021 ta karɓi sabon jirgi, JF-17, wajen bikin cikar sojan sama shekara 57. Jirgi ne na zamani, yana da na'urar hango maƙiyi daga nesa, yana faɗa a sama yana kuma kai hari ƙasa. Pakistan da Chaina suka haɗu suka ƙera shi, kuma daga Kamra ya fito, masana'antar nan da ta fara da gyaran tsofaffin jirage a daidai shekarun da mu muke sayen MiG-21 sababbi fil. An kuma ƙulla cinikin M-346 guda 24 da kamfanin Leonardo na Italiya, waɗanda ake sa ran su gaji Alpha Jet da ya haura shekara arba'in yana aiki.

JF-17 ɗin guda nawa aka kawo? Uku. Duk wanda ya taɓa riƙe motocin haya ya san lissafin: in kana da uku, ɗaya tana gareji, ɗaya tana hannun ɗan koyo, ɗaya ce a kan hanya. Rundunar da ta taɓa jera MiG sama da talatin da Jaguar goma sha takwas a bakin Binuwai, yau da waɗannan ukun da ragowar F-7 take zaman ko-ta-kwana, kan ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita sama da 900,000.